KADA A RABA YARO MAI LALURAR OTIZIM DA HARSHEN UWARSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saɓa tsakanin harsunan bayinSa da kamanninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A wannan mako muna son mu jawo hankalin masu karatu zuwa ga wani al'amari wanda yake cikin gidaje da yawa, amma ba safai ake tayar da zancensa a wurin wa'azi ko a majalisar malamai ba. Watau al'amarin yaron nan da ya kai shekara uku ko huɗu bai fara magana ba, ko kuwa ya fara sa'an nan ya daina. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kuwa ba kurma ba ne, domin ƙarar injin niƙa daga nesa takan sa ya toshe kunnuwansa yana kururuwa. Ba ya shiga wasan tsararsa, sai dai ya keɓe gefe guda yana jera marafan kwalba, in kuwa aka gusar da ɗaya sai hankalinsa ya tashi. A unguwa za ka ji waɗansu suna cewa shafar aljanu ce, waɗansu su ce sammun kishiya ne, waɗansu kuma su ce uwarsa ce ta sangarta shi.

Likitoci suna kiran wannan lalura otizim, waɗansu kafofin labarai na Hausa kuma suna ce mata galahanga. Abin da za mu tsaya a kansa a yau shi ne sha'anin harshe: harshen da ake yi wa yaron magana da shi, da kuma harshen da ake yi wa iyayensa bayani da shi, musamman a garuruwan da harsuna suka cakuɗa.

MECE CE WANNAN LALURA?

A shekarar 1943 wani likitan yara masu matsalar ƙwaƙwalwa a asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimo a Amurka, mai suna Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11 waɗanda ya ga halinsu ya yi kama da juna, maza 8 da mata 3. Tun daga lokacin masana suka ci gaba da bincike, har suka gane cewa lalurar tana da hawa-hawa. Akwai yaron da ba zai yi magana da baki ba har girmansa, kuma zai bukaci mai kula da shi kullum. Akwai kuma wanda zai yi karatu har jami'a, ya yi aiki, ya yi aure, sai dai cuɗanya da mutane takan yi masa nauyi. Abin da ya haɗa su shi ne wahalar sadarwa da mu'amala, da son maimaita abu ɗaya, da kuma yadda ƙara ko haske ko taɓawa suke damunsu fiye da sauran mutane.

An daɗe ana zaton wannan lalura ta Turawa ce, amma tun a 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya wallafa sakamakon zagayen da ya yi a waɗansu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya da Gana, inda ya tarar da ita a cikin yaran Afirka. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita. Ta fi bayyana ga yara maza. Game da dalilinta kuwa, wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya haɗa mutane kimanin miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya nuna cewa gado shi ne ya ɗauki kaso mafi girma, kusan kashi 80 cikin 100. A can baya waɗansu masana na Turai da Amurka sun ɗora laifin a kan iyaye mata, wai rashin nuna ƙauna ne yake jawo ta, amma bincike ya rushe wannan magana tuntuni. Saboda haka duk wanda ya tsangwami uwar irin wannan yaro, ko ya goranta mata, lalle ya zalunce ta.

Babu wani ƙwayar magani ko jiƙo da yake kawar da otizim. Abin da aka tabbatar yana da amfani shi ne koyarwa cikin haƙuri tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mafi yawan wannan koyarwa kuwa a gida take faruwa, a hannun uwa da uba da kaka da yayye. Ga inda maganar harshe ta shigo.

SHAWARAR DA AKAN BA IYAYE

A ɗauki misalin yaro a Tudun Wadar Kaduna, wanda uwarsa Bafulatana ce, ubansa kuma Banufe. Uwa tana yi masa Fulatanci, dangin uba suna yi masa Nufanci, a ƙofar gida Hausa ake yi, a makarantar boko Turanci, da yamma kuma a Islamiyya ya ji Larabci. Haka abin yake a unguwar Nima ta birnin Ankara a Gana, inda Hausa take cuɗanya da harsunan ƙasar da Turanci, haka kuma a Yamai, inda ake Zabarmanci da Hausa da Faransanci. Ga sauran yara ba wanda yake ganin aibin wannan. Amma da zarar an ga yaro ya yi jinkirin magana, sai a ce yawan harsuna ne ya rikita shi. Daga nan sai wani malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, da kyakkyawar niyya, ya ce wa iyaye su zaɓi harshe ɗaya su bar sauran. Harshen da akan zaɓa kuwa shi ne na boko, domin da shi ake koyarwa a makarantun musamman, da shi kuma aka rubuta littattafan horon.

A ido shawarar tana da kama da hikima, amma da aka gwada ta a ma'aunin bincike ba ta tsaya ba. A shekarar 2012 masana biyu a Kanada, Catherine Hambly da Eric Fombonne, sun wallafa bincike a kan yara 75 masu otizim, 45 daga gidajen da ake harshe biyu, 30 daga gidajen da ake harshe ɗaya. Ba su sami wani ƙarin jinkirin magana ba ga waɗanda suke jin harshe biyu. Binciken da aka yi ta yi bayan wannan a wurare dabam-dabam ya zo da irin wannan sakamako. Watau lalurar ce take kawo jinkirin, kuma da harshe ɗaya yaron yake ji da ukun, jinkirin yana nan.

Ɓarnar da shawarar take yi kuwa a fili take. Uwar da aka ce ta riƙa yi wa ɗanta Turanci, alhali Turancin nata bai wuce na gaisuwa ba, me za ta yi? Sai ta rage magana da shi. Waƙar rarrashi da tatsuniya da wasan da take yi masa sa'ad da take yi masa wanka duk sai su ƙaura. Kaka kuma ta ja bakinta, tun da ita ba ta san ko kalma ɗaya ba. In aka zauna cin tuwon dare kowa yana hira da harshen gida, shi kaɗai ne ba a sa shi ciki. Wata mai bincike ta Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis, Tamar Kremer-Sadlik, ta bayyana irin wannan hali a 2005 cikin gidajen baƙi mazauna Amurka da aka ba su wannan shawara. Yaron da asalin lalurarsa ita ce keɓewa daga mutane, sai ga shi an ƙara gina masa katanga tsakaninsa da waɗanda suka fi kowa sonsa.

IYALAI UKU MUSULMI A AMURKA

Akwai wani bincike da ya dace masu karatun wannan fili su san da shi. Wata malamar jami'a, Brinda Jegatheesan, ta shafe fiye da shekara guda tana bin rayuwar iyalai uku Musulmi 'yan asalin kudancin Asiya mazauna Amurka, kowannensu da ɗa mai otizim, ta wallafa abin da ta gani a 2010 da 2011. Ma'aikatan da suke kula da yaran sun nemi a tsaya ga Turanci kaɗai. Iyayen ba su yarda ba. A ganinsu yaron amana ce da Allah Ya zaɓe su Ya ba su, kuma haƙƙinsa ne a shigar da shi cikin duk abin da iyali suke yi: ya gai da kakanninsa da harshensu, ya yi Turanci a makaranta, ya kuma koyi abin da ya sawwaƙa na Larabcin salla da addu'a. Suka ci gaba da haka, yaran kuma suka riƙa amfani da harsunan gwargwadon ikonsu.

Waɗannan iyaye sun fahimci abin da ya kamata mu ma mu fahimta. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa taklifi yana rataye ne da hankali da balaga, kuma Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma sauke wa mutum nauyin wani hukunci ba ya nufin a fitar da shi daga cikin jama'a. Imamu Muslim ya ruwaito labarin wata mace mai ɗan taɓuwa a hankalinta, wadda ta zo wa Manzon Allah (S.A.W.) da bukata, ya bar ta ta zaɓi wurin da take so su tsaya, ya kuma saurare ta har ta gama. Abdullahi ɗan Ummi Maktum kuwa, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninsa, ya zama ladani tare da Bilal, har ma akan bar masa riƙon Madina in an fita. Wannan ita ce sunnar da aka bar mana game da masu lalura.

DARASIN JIHAR MINESOTA

Ɗaya ɓangaren maganar shi ne harshen da ake yi wa iyaye bayani da shi. A nan ma akwai abin lura daga wata al'ummar Musulmi a Amurka. A jihar Minesota, musamman birnin Miniyafolis, akwai dubban 'yan Somaliya da yaƙin ƙasarsu ya koro tun daga farkon shekarun 1990. Wajen shekarar 2008 iyaye suka fara kokawa cewa 'ya'yansu sun yi yawa a azuzuwan yara masu otizim. Harshensu ba shi da kalmar wannan lalura, da yawa daga cikin iyaye mata ba su ji Turanci sosai ba, kuma bayanin da ake ba su a asibiti bai kwantar musu da hankali ba. Sai masu adawa da allurar rigakafi suka sami ƙofa, suka riƙa shirya musu tarurruka suna ce musu allurar ƙyanda ce take jawo abin.

Tushen wannan zance wata maƙala ce da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa a 1998 a kan yara 12 kacal. A shekarar 2010 mujallar da ta buga maƙalar ta janye ta, hukumar likitocin Ingila kuma ta soke sunansa daga rajista. Duk da haka ya je Miniyafolis ya gana da iyaye 'yan Somaliya. Sakamakon haka, adadin yaran al'ummar da ake yi wa allurar ƙyanda ya faɗo daga kashi 92 cikin 100 a 2004 zuwa kashi 42 a 2014. A shekarar 2017 ƙyanda ta ɓarke a jihar ta kama mutane fiye da 70, yawancinsu yaran 'yan Somaliya waɗanda ba a yi musu allura ba.

Alhali kuwa binciken da Jami'ar Minesota ta fitar a 2013 ya nuna cewa a cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 9 a birnin, 1 cikin 32 na 'yan Somaliya ne yake da otizim, na Turawa kuma 1 cikin 36, watau kusan daidai suke. Wani bincike kuma da aka yi a Denmak a kan yara fiye da 650,000, aka wallafa a 2019, bai sami wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba. Da annobar ta tsananta, sai jami'an lafiya suka nemi limaman masallatai da ma'aikata 'yan al'ummar, aka riƙa yi wa jama'a bayani da harshensu, iyaye da yawa kuma suka kai 'ya'yansu aka yi musu allura.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga irin wannan. Ba mu manta da dakatar da rigakafin shan-inna da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004 ba, da yaran da suka nakasa a dalilin haka, da kuma yadda sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin a shawo kan lamarin. Rashin sani ya fi dare duhu. Uwar da ba a yi mata bayanin ciwon ɗanta da harshen da take ji ba, to, lalle za ta karɓi bayanin duk wanda ya zo mata da harshen, ko mai gaskiya ne ko maƙaryaci.

MUNA DA ABIN KOYI A GIDA

Wani zai ce, ina muka ga ƙwararrun da za su bi gida-gida suna koyarwa da Hausa da Fulatanci da Barbarci? Gaskiya ne ƙwararru sun yi ƙaranci, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Amma tarihinmu ya riga ya nuna mana hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ba ta jira matan karkara su iya Larabci ba kafin ilmi ya kai gare su. Ta horar da dattawan mata waɗanda ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, su kuma suka koma ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu da harshen da suke ji. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru.

Abin sha'awa, irin wannan hanya Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi a shirinta na horar da masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, har da masu otizim, wanda ta fitar ga duniya a 2022. Shirin zama tara ne na iyaye a rukuni, da ziyara uku zuwa gidan kowane yaro, kuma an tsara shi yadda ma'aikacin lafiya na unguwa ko wani wanda aka ba horo zai iya gudanar da shi ba sai likita ba. An gwada shi a Habasha da harshen Amhara. Ba abin da zai hana ƙungiyoyin mata Musulmi da makarantun matan aure su nemi hukumomin lafiya su horar da malamansu a kan irin wannan, a mayar da darussan zuwa harsunanmu.

ABIN DA YA HAU KAN KOWA

Ga iyaye, abu na farko shi ne lura. Yaron da ya cika shekara ɗaya ba ya amsa sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya cika shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya rasa maganar da ya riga ya iya, a kai shi asibiti, a fara da gwajin ji. In likita ya tambayi yawan kalmomin da yaron ya sani, a ƙidaya masa na dukkan harsunan, domin wanda ya san ruwa da Hausa, ya san nono da Fulatanci, kalma biyu ya sani. Kowa ya yi masa magana da harshen da ya fi ƙwarewa a ciki, da gajerun jimloli, a lokacin wanka da cin abinci da wasa, a kuma ba shi lokaci ya mayar da martani. In ya gauraya harsuna kada a tsawata masa, don haka duk yaran da suka tashi da harshe biyu suke yi. Wanda bai iya magana ba a taimake shi da hotuna da nuni da hannu. Wannan ba ya hana magana zuwa. In kuwa yana da farfaɗiya, wadda takan zo tare da lalurar ga waɗansu, to, ita tana da magani a asibiti, kada a yi sakaci.

Addu'a makamin mumini ce, ba mai hana uba ya yi wa ɗansa tofi, amma ba ta hana neman likita. Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne dukan yaro, ko ɗaure shi da mari, ko turara masa hayaƙi har ya shaƙe, da sunan fitar da aljani. Wannan cutarwa ce tsantsa, kuma za a tambayi wanda ya yi da wanda ya kai shi.

Ga malaman allo da na Islamiyya, kada a kori irin wannan yaro, kada kuma a sa masa bulala. Waɗansu daga cikinsu suna da kaifin hadda, kuma tsarin maimaitawa yana yi musu daɗi, sai dai hayaniyar ɗalibai takan dame su. A zaunar da shi a gefe inda ƙara ta yi sauƙi, a ba shi kaɗan-kaɗan, a fassara masa da harshen gidansu. Ga limamai, huɗuba ɗaya a kan wannan batu za ta share hawayen mata da yawa. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin wayar da kai game da otizim bisa shawarar ƙasar Katar a 2007, dama ce ta yin haka. In kuma yaro ya yi ƙara a sahu, kada a harari ubansa har ya daina zuwa da shi.

Ga ma'aikatan asibiti da na makarantu, a nemi tafinta in uwa ba ta jin harshen da ake yi, kada a bar miji kaɗai ya ji bayani alhali ita ce take wuni da yaron. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga hukuma kuma, dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairu na 2019 ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har zuwa sakandare. A cika wannan alkawari. Masu hannu da shuni su tuna da waɗannan gidaje a zakkarsu da waƙafinsu, maƙwabta kuma su riƙa karɓar yaron ko na sa'a guda ne don uwarsa ta huta, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe, muna kira ga uwar da take ɗauke da wannan nauyi, wataƙila ma wani ne yake karanta mata wannan shafi: ki ci gaba da yi wa ɗanki magana da harshen da mahaifiyarki ta rene ki da shi, ko ya amsa ko bai amsa ba. Sau da yawa abin da yake fahimta ya fi abin da yake iya furtawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, Ya sa mu dace. Amin.